Wa Muke Ba Kujerar Gaba?

Wata Lahadin godiyar kaka, zaɓe ya ƙarato, ina zaune a benci na uku a wata majami'a da ba zan kira sunanta ba. Ana tsakiyar wa'azi muka ji jiniya. Motoci suka cika haraba, masu kula da ƙofa suka rikice, aka ta da wasu tsofaffin mata biyu daga kujerun gaba aka mayar da su can baya, matan da suka yi shekara da shekaru suna sharar wannan majami'a kowace Asabar. Ɗan takara ya shigo da tawagarsa. Aka datse wa'azi aka miƙa masa lasifika. Ya yi alkawarin kwanon rufi, ya ajiye ambulan, mata suka rangaɗa guɗa, samari suka saki ganga. Kafin addu'ar rufewa ya fice, domin wata majami'ar na jiransa.

Ɗaya daga cikin tsofaffin nan ba ta ce komai ba. Ta rungume Littafi Mai Tsarkinta da ya sha jiki, ta zauna kusa da ƙofa inda rana ke dukanta. Yadda ta sunkuyar da kai bai bar zuciyata ba har yau. Wasiƙar Yakubu sura ta 2 kamar a gabanmu aka rubuta ta: mai zoben zinariya da tufafi masu tsada ya shigo, aka ce masa zauna nan wuri mai kyau, matalauci kuwa aka ce masa tsaya can. Yakubu ya kira wannan son zuciya, ya kira shi zunubi. Mun karanta wurin sau nawa a zumuntar matasa, amma a ranar babu wanda ya ɗaga kai, har da ni.

Ƙannena, samari da 'yan mata na ikilisiya, da ku nake. Na ga mun rabu gida biyu a kan siyasa, kuma duka gidajen suna yoyo.

Gida na farko su ne masu cewa siyasa ƙazanta ce, mai bi ba ruwansa, mu 'yan Mulkin Sama ne. Su ne ranar zaɓe za ka same su a gida suna kallon fim, ko katin zaɓe ba su yanka ba. A zaɓen shugaban ƙasa na 2023 mutum sama da miliyan 93 ne ke cikin rajista, amma waɗanda suka jefa ƙuri'a ba su wuce kimanin miliyan 25 ba. Cikin waɗanda suka zauna a gida akwai namu da yawa, kuma su ne suka fi kowa kuka da tsadar taki da kuɗin makaranta. To, ɗan'uwa, wanda yake yanke farashin takin nan, da wanda zai tura jami'an tsaro ƙauyenku ko ya hana, da wanda zai sa hannu a takardar filin da kuke so ku gina majami'a, duk ta ƙofar siyasa suka shigo. Annabi Irmiya ya rubuta wa Yahudawan da aka kwashe zuwa Babila, mutanen da suke zaune a ƙasar waɗanda suka ci garinsu da yaƙi, ya ce su nemi zaman lafiyar birnin, su yi masa addu'a, domin lafiyarsa ita ce lafiyarsu. Idan an faɗa wa bayi a baƙuwar ƙasa haka, me za a ce da kai da aka binne cibiyarka a nan?

Iyayenmu ba su gudu ba. Dokta Barau Dikko, ɗan Wusasa, likita na farko daga Arewa, Kirista ne, yana cikin waɗanda suka kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa a ƙarshen shekarun 1940, kuma babban asibitin da ke tsakiyar Kaduna sunansa yake amsawa. Fasto David Lot na Panyam ya riƙe aikin ikilisiya, ya kuma tsaya wa ƙananan ƙabilu a siyasar shekarun 1950. Solomon Lar ya fara da aikin malanta kafin ya zama gwamnan farar hula na farko a Filato a 1979. Suna da kurakuransu kamar kowane ɗan Adam, amma ba su ce wa kujerar shawara "ba ruwana" ba.

Gida na biyu ya fi ba ni tsoro, domin a nan ne matasa masu ƙwazo suka fi yawa. Su ne masu cewa "namu ne." Da zarar sunan ɗan takara Bitrus ko Istifanus ko Rahila, magana ta ƙare. Ba a tambayar me ya yi da kuɗin ƙaramar hukuma lokacin da yake ciyaman, ba a tambayar ina rijiyar burtsatsen da aka ware wa kuɗi. Wanda ya yi tambaya a ce masa maci amana, ko a ce an saye shi.

Na san inda wannan ya samo tushe, kuma ba zan raina shi ba. Mun binne mutane a Kudancin Kaduna, a Filato, a Binuwai. Ikilisiyar 'Yan'uwa a Najeriya, wato EYN, ta ga majami'unta sun zama toka a Borno da Adamawa, kuma da yawa cikin 'yan matan Chibok 276 da aka sace a 2014 'ya'yanta ne. Akwai garuruwan da samun takardar filin majami'a ya zama wahala. Lokacin da babbar jam'iyya ta tsayar da Musulmi biyu a tikiti ɗaya a 2023, da yawa cikinmu sun ji an ce musu ba a lissafa da su. Wanda aka mara yana da hakkin ya nemi wanda zai tsaya masa. Neman wakilci ba laifi ba ne, ni ma ina nema.

Sai dai ɗan siyasa ya san ciwon nan sarai, ya kuma san yadda ake tausa shi har ya zama ƙuri'a. A 2018 kotu a Abuja ta yanke wa tsofaffin gwamnoni biyu hukuncin ɗauri kan almundahana da dukiyar jama'a, Jolly Nyame na Taraba da Joshua Dariye na Filato, kafin a yi musu afuwa a 2022. Duka biyun namu ne, na farkon ma Rabaran ne. Ban kawo wannan don in tozarta kowa ba, Allah ne mai shari'a, kuma ƙofar tuba a buɗe take ga kowa. Na kawo ne don ku tuna cewa kuɗin da ya salwanta a jihohin nan na asibitin da gwauruwar zumuntar mata za ta je ne, na makarantar da ƙaninka zai zauna a ƙasa ne. Sunan baftisma bai taɓa hana hannu shiga baitulmali ba.

Ku je ku zauna da Nehemiya sura ta 5, ku karanta a hankali. Mutumin nan mai shayar da sarkin Farisa ne, wato ɗan fada, aka naɗa shi gwamnan Yahuza. Shekara goma sha biyu ya yi a kan kujera. Gwamnonin da suka riga shi sun ɗora wa talakawa nauyi, suna karɓar abinci da ruwan inabi da azurfa, har barorinsu ma suna taka mutane. Shi kuwa ya ƙi karɓar ko da abincin da doka ta ba gwamna, alhali mutum 150 ne ke cin abinci a teburinsa. Bai sayi gona ko ɗaya ba a lokacin da yunwa ta sa talakawa suna jinginar da gonakinsu, lokacin da mai kuɗi zai iya kwashe ƙasa da araha. Da ya ji kukan cewa manya suna cin 'yan'uwansu da ruwan bashi har 'ya'ya mata suna shiga bauta, ya tara manyan a bainar jama'a ya tsawata musu, ya sa suka rantse za su mayar da gonaki. Ku lura da waɗanda ya tsawata wa. Ba Sanballat ba ne, ba Tobiya ba ne, waɗanda suke zagin aikin sake gina garun Urushalima daga waje. Nasa ne, Yahudawa 'yan'uwansa, masu zuwa haikali ɗaya da shi. Da aka zo dalili kuwa, abu ɗaya ya faɗa: saboda tsoron Allah. Wannan shi ne mudun da ya kamata mu riƙa auna duk wanda ya zo mana da sunan Yesu a baki. Ya taɓa barin abin da yake da ikon ɗauka? Yaransa suna taka mutane? Ya taɓa fuskantar nasa a kan hakkin talaka?

Mu ma kanmu sai mun shiga mudun. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Daren jajiberin zaɓe ana zagaya unguwa da taliya da sabulu da turmin atamfa, a rumfar zaɓe kuma akwai mai jaka a bayan bishiya yana jiran ka nuna masa inda ka dangwala. Na san yunwa, ban zo in yi wa wanda bai ci abincin dare ba wa'azi daga kan tudu ba. Amma Isuwa ma yunwa ce ta gaske ta kama shi ranar da ya sayar da matsayinsa na ɗan fari a kan kwanon fate. Ya ci, ya sha, ya tashi ya tafi abinsa. Daga baya ya nema da hawaye bai samu ba. Taliyar kwana biyu ce, wa'adin kuwa shekara huɗu. Littafin Fitowa ya ce toshiya tana makantar da mai gani. Kada ka ce ai kowa yana karɓa, ko ka ce zan karɓa in zaɓi wanda nake so. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski, kuma ranar da za ka je ofishinsa da kukan hanya ko na ruwa, shi a ransa ya riga ya biya ka.

Wanda ya fi wannan muni shi ne saurayin da yake buga jita a kwaya ranar Lahadi, ranar Talata kuma yana bayan a-kori-kura da gora a hannu, an ba shi ƙwaya da dubu biyu ya je ya tarwatsa taron abokin hamayya. 'Ya'yan mai gidan suna makaranta a Ingila. Idan an harbe ka, buhun shinkafa za a kai wa mahaifiyarka. Haka ma ku masu yaƙi da waya, masu tura duk saƙon da ya shigo WhatsApp ba bincike, hoton gawarwakin wata ƙasa a ce na ƙauyen maƙwabta ne. Dokar da ta hana shaidar zur ba ta ce sai a gaban alƙali kaɗai ba. Kuma kafin ka rubuta cewa duk Musulmi abu ɗaya ne, ka tuna da Liman Abubakar Abdullahi na Nghar Yelwa a Barikin Ladi, wanda a watan Yuni na 2018 ya ɓoye mutum sama da 200, yawancinsu Kiristoci, a masallacinsa da gidansa, ya tsaya a gaban masu makami ya ƙi ba da su.

Ga iyayenmu fastoci, da ladabi nake magana, domin ba hurumina ba ne in koya muku aiki. Amma matasa suna kallo. A zamanin sarki Ahab annabawa 400 suka haɗa baki suka gaya wa sarki abin da yake so ya ji. Mikaiya ɗan Imla shi kaɗai ya faɗi gaskiya, aka mare shi, aka jefa shi kurkuku. Bakin da ya saba da ambulan yakan yi nauyi ranar da ake bukatar ya ce wa mai mulki, kamar yadda Natan ya ce wa Dawuda, kai ne mutumin. Cocin Katolika ma da ɗanta Fada Hyacinth Alia ya fito takarar gwamnan Binuwai, bishop ɗinsa ya dakatar da shi daga hidimar firist a 2022, domin kada bagade da jam'iyya su gauraya. Ɗan siyasa ya zo sujada, marhabin, shi ma mai bukatar ceto ne. Ya zauna inda ya samu wuri, ya ji wa'azi har ƙarshe, ya sa baikonsa a kwando kamar kowa, hagu ba ta san abin da dama ta yi ba.

To me ya rage mana? Aiki ne mai gajiyarwa wanda ba a yi masa guɗa. Yawancinmu ba ma farkawa sai ranar babban zaɓe, alhali an gama dafa tuwon tun a zaɓen fid da gwani, a hannun daliget da shugabannin jam'iyya na gunduma, mutanen da sau da yawa ko ashirin ba su kai ba a ɗakin taro. A nan ake bukatar ku. Tun 2018 doka ta rage shekarun takarar majalisar jiha da ta wakilai zuwa 25, na shugaban ƙasa zuwa 35. Wadda ta iya riƙe asusun zumuntar matasa shekara uku ko kwabo bai ɓata ba, za ta iya riƙe kujerar kansila. Wanda ba shi da sha'awar takara ya yanki kati, ya san sunan kansilansa da na ɗan majalisarsa, ya tsaya a rumfa har a ƙirga ƙuri'a a gabansa. Ku haɗu ku biyar ko goma, har da maƙwabtanku Musulmi da kuke shan ruwan rijiya ɗaya, ku je ku tambayi inda kuɗin asibitin gunduma ya shiga, da ladabi, a rubuce, ku sake komawa idan an yi shiru. Ku yi wa masu mulki addu'a kamar yadda Bulus ya umarci Timoti, har da wanda ba ku zaɓa ba. Bulus ya rubuta wannan ne a ƙarƙashin sarakunan Roma, waɗanda babu Kirista ko ɗaya a cikinsu a lokacin.

Za a gwada ku idan kun shiga, kada in ɓoye muku. Za a kawo takardar kwangilar da ba a yi ba a ce ku sa hannu, za a ce ubangida ne ya aiko. Maƙiyan Daniyel sun bincike aikinsa na gwamnati ciki da waje suna neman abin kamawa, ba su samu ba, sai da suka koma ga addu'arsa. Wataƙila ku rasa kujera a kan irin wannan, wasu sun rasa.

Majami'ar da na ba ku labari, damina biyu ta wuce kwanon bai iso ba. Zumuntar mata ce ta yi ta tara kuɗi da noman gayya da sayar da ƙosai har aka rufe ta, kuma tsohuwar nan da aka mayar bakin ƙofa tana cikin waɗanda suka riƙa ɗebo wa magina ruwa.