Famfo ya ƙafe, yanzu kuma ana so baki ma ya ƙafe

A makon jiya, wajen ƙarfe uku na dare, wata dattijuwa a unguwarmu a nan Damagaram ta aika saƙon murya cikin zauren WhatsApp na 'yan unguwa. Ba ta zagi kowa ba, ba ta kama sunan kowa ba. Cewa ta yi yau kwana tara famfon gidanta bai ɗiga ba, ta shimfiɗa tabarma a gindinsa tana sauraron ko zai yi tari, jikokinta kuma kwana biyu ke nan ba su je makaranta ba saboda bin amalanken ruwa. Ta rufe da tambaya guda, wai wa za mu kai wa kuka? Kafin a kira assalatu an goge saƙon. Mai kula da zauren, yaro ne mai ladabi, na san mahaifinsa, ya bi ta har gida da safe ya durƙusa ya ce, "Inna, ki gafarce ni, wallahi ba raini ba ne. Zamani ne ya zo da haka, kada ki jawo mana." Ta dube shi ta ce, "Ɗan nan, yanzu ƙishirwar ma sai an nemi izini?"

Ban ga laifin yaron ba, don ya san abin da yake tsoro. Tun watan Yunin 2024 aka mayar da hukuncin ɗauri cikin dokar laifukan intanet ta Nijar: shekara ɗaya zuwa uku a kan zagi ko ɓata suna, biyu zuwa biyar a kan yaɗa abin da aka ga zai iya tayar da hankalin jama'a. Wane ne zai auna abin da zai tayar da hankali? Ba shi ba ne, ba kuma Inna ba. Saboda haka ya zaɓi abin da duk mai iyali zai zaɓa, ya goge, ya kwana gidansa. Kuma doka irin wannan ba sai ta kai mutum dubu gidan kaso take aiki ba. Ta kai biyu ko uku, sauran jama'a su da kansu za su riƙa toshe bakin juna.

Waɗanda suka ɓata mani rai su ne mutanen da na tarar a fada, wato majalisar hira ta bakin titi, da yamma, suna juya shayi suna yaba wa yaron, har suna ƙarawa da karatu. Wai haƙƙin ɗan Adam kayan Turawa ne. Wai ba a cin dimokuraɗiyya, ba a shan ta. Wai ƙasa tana cikin yaƙi, abokan gaba sun kasa kunne, duk wanda ya ce famfo ya ƙafe ya ba su makami. Wannan magana ta yaɗu a Damagaram har ta zama kamar sallama, kuma mafi yawan masu faɗinta suna da tankin ruwa a saman soro.

To mu ɗauke ta a yadda suka faɗa. Sun ce talaka ruwa yake so da hatsi, ba surutu ba. Na yarda. Sai su gaya mani ta wace hanya mai mulki zai san ruwan bai zo ba idan wadda ba ta samu ba an hana ta faɗi. Rahoton da ke hawa daga ofis zuwa ofis har ya isa Yamai, kowane mai tebur yana shafa masa mai kafin ya miƙa sama, don ba wanda ke son a ce a wurinsa aka samu matsala. Saƙon Inna shi kaɗai ne rahoton da ba wanda ya gyara, kuma shi aka goge.

Ƙishirwar garin nan ta girmi duk wanda ke mulki yau. Unguwannin Birni da Zango a kan dutse suke zaune, irin dutsen da ba ya riƙe ruwa a ƙarƙashinsa, shi ya sa za ka haƙa rijiya ka gaji ka tarar da fa. Ƙarancin ruwa na cikin dalilan da ake bayarwa na ɗauke babban birnin ƙasa daga nan zuwa Yamai a 1926. Tun daga lokacin ruwanmu daga nesa ake jawo shi, daga Gogo da Macaya, daga Arunguza, daga baya aka ƙara da Ganaram. Kowane sabon aiki in ya zo sai a ce an gama da matsalar, gari kuma ya ci gaba da faɗaɗa, sababbin unguwanni su tsiro a inda jiya gonaki ne, bayan 'yan shekaru a koma gidan jiya. Abin da wannan tarihi ke nunawa shi ne ruwan Damagaram ba ya zuwa da kansa, sai wani ya yanke shawara, ya ware kuɗi, ya sa ido a kan injin da ya lalace. Mai yanke shawara kuwa ɗan Adam ne, inda aka fi matsa masa can yake fara dubawa.

A da akwai ƙofar da ake bugawa, ko da ba kullum ake buɗewa ba. Tun zaɓen ƙananan hukumomi na 2004 kowace unguwa ta san wakilinta a majalisar gari. Ba waliyyai ba ne, wasunsu ma ba ka ganinsu sai kamfe ya matso. Amma ka san gidansa, ka san masallacin da yake sallar asuba, matarka tana haɗuwa da matarsa wurin biki, kuma ya san akwai ranar da zai dawo roƙon ƙuri'a. A watan Afrilun 2024 aka rusa majalisun nan baki ɗaya, na gari da na jiha, waɗanda aka zaɓa a Disambar 2020, aka naɗa jami'ai su riƙe, da yawansu masu kaki. Ban ce ba mutanen kirki a cikinsu ba. Akwai waɗanda suka kwashe shara suka yashe magudanai, mun gani da idonmu. Sai dai wanda aka naɗa daga sama, sama yake kallo. In ya kyautata, alheri ya yi mana. In ya ƙi, ba abin da Inna za ta iya yi masa, ba ta ma san ta inda ake shiga ofishinsa ba. A watan Maris na 2025 kuma aka rusa jam'iyyun siyasa, aka tsayar da wa'adin shekara biyar wanda sabon kundin mulkin soja da kansa ya ce ana iya sake duba shi.

Masu fada za su ce ai an ƙwato kamfanin ruwa daga hannun Faransawa, tun farkon 2024 ya zama namu. Gaskiya ne, ni ma na yi murna. To ma'anar "namu" ke nan a ce muna da bakin tambaya. Lokacin da yake hannun baƙi, kowa na iya zaginsa a rediyo a kira shi ɗan kishin ƙasa. Yanzu da ya dawo gida, tambayar da ake tafa wa jiya ita ce ake cewa cin amanar ƙasa. Idan mallaka ba ta ba ka ikon cewa "ina lissafi?" ba, sunan mai shago kawai aka canza a jikin allo.

Haka zancen yake a kan man fetur. Matatar SORAZ tana nan arewa da mu tun Nuwamban 2011, an gina ta don tace ganga dubu 20 a rana daga rijiyoyin mai na Agadem. A 2024 aka fara tura ɗanyen mai ta bututun da ya kusa kilomita 2000 zuwa gaɓar tekun Benin, a watan Afrilun shekarar kuma gwamnati ta karɓi dalar Amurka miliyan 400 daga kamfanin man China na CNPC a matsayin kuɗin mai tun kafin a sayar. Kundin tsarin mulkin 2010 yana da wata aya, ta 150, wadda ta wajabta buga yarjejeniyoyin ma'adinai da kuɗin da kowane kamfani ya biya a jaridar gwamnati. Gwamnatocin farar hula ba su cika ta yadda ya kamata ba, amma tana nan, ana iya ɗaga ta a nuna musu. An jingine kundin a Yulin 2023, da sojoji suka yi juyin mulki. Garin da ƙasarsa ta iya jan bututun mai ya ratsa ƙasashe biyu, yana da haƙƙin tambayar me ya sa bututun ruwa na 'yan kilomitoci ya gagara. Wannan tambayar ba Bature ne ya koya wa ɗan garuwa ita ba, shi da ke tura kura ɗauke da bido goma cikin ranar Afrilu yana ganin tankokin mai suna wucewa ta gabansa.

Kuma ruwan da muke nema da bazara shi ne ke cinye mu da damina. Ba mu manta da farkon Satumban 2024 ba, ranar da tsohon masallacin Birni, ginin ƙasa na tsakiyar ƙarni na 19, ya zube ana kallo ana salati. A shekarar ambaliya ta kashe mutum kusan 400 a faɗin ƙasa, ta shafi sama da miliyan ɗaya. Ruwan sama daga Allah ne, ba mai ja. Amma filin da aka yanka a bakin tabki aka sayar, da hanyar ruwa da aka toshe da gini, da magudanar da leda ta cike, waɗannan da hannun mutum aka yi, da sa hannun wani a kan takarda. Maƙwabta suna gani tun ana aza harsashi. In sun saba da cewa magana tana jawo fitina, za su ja bakinsu, sai ranar da katanga ta faɗa wa yara a taru a ce ƙaddara.

Zancen wai kai kuka baƙon abu ne a wurinmu, shi ya fi komai ba ni takaici, don ƙarya ce ake yi wa kakanninmu. Talakan Damagaram ya san hanyar mai unguwa, ya san hanyar ƙofar fada, tun kafin Bature ya sa ƙafa a nan. Sarkin da ba a iya kai wa kuka ba a yabonsa a tarihinmu. A addini kuwa, kowane ɗalibin makarantar zaure ya ji yadda Sayyidina Abubakar, ranar da aka yi masa mubaya'a, ya nemi jama'a su taimake shi in ya yi daidai, su miƙar da shi in ya karkace. An kuma ruwaito yadda wata mata ta tsayar da Sayyidina Umar a bainar jama'a kan zancen sadaki, ya karɓi gyaranta. Su ma suna da abokan gaba a kan iyakokinsu, ba su ce a jira sai an gama yaƙi ba. Mu ne muka fi su fuskantar haɗari?

Na ji daɗi har cikin raina da kundin Maris na 2025 ya ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa. Amma harshe ba don kirari da waƙar yabo kaɗai ake ɗaukaka shi ba. Inna ba ta jin Faransanci, ba ta taɓa rubuta wa hukuma takarda ba. Karo na farko a rayuwarta da fasaha ta ba ta damar faɗin damuwarta da harshen da aka ce shi ne na ƙasa, cikin minti ɗaya, ba tare da tafinta ba, sai aka share.

Masu kukan a dawo da jiya kuwa su rage murya, don a hannunsu aka ƙera dokar intanet ɗin nan a 2019, su ne kuma suka kulle 'yan farar hula a 2018 saboda zanga-zangar dokar kasafin kuɗi. Wuƙar da suka wasa ce aka ɗauka.

Abin da ya ƙara tsananta lamarin shi ne inda mutum zai gudu in an taka shi yana ta ƙanƙancewa. An kama Musa Cangari na ƙungiyar farar hula ta Alternative a gidansa ranar 3 ga Disamban 2024, mutumin da gwamnatocin baya ma suka sha kullewa, aka kai shi kason Filinge. A watan Agustan 2025 aka rusa ƙungiyoyin ƙwadago na ɓangaren shari'a, har da SAMAN ta alƙalai, aka kuma kori babban sakatarenta daga aiki bayan ya yi magana. Alƙalin da ya ga abin da ya sami ɗan'uwansa, da wace zuciya zai saurari ƙarar talaka a kan hukuma? Yaron zaurenmu bai karanta waɗannan dokoki ba, amma labarinsu ya iso masa, kuma ya fahimce su sarai.

Ban jahilci halin tsaro ba. 'Ya'yanmu ne ke mutuwa a Tilaberi da Diffa, kuma akwai sirrin soja da bai kamata a yaɗa ba, wannan ba mai musu. Famfon unguwar Garin Malam ba sirrin soja ba ne. A cire ɗauri daga dokar nan a kan abin da ya shafi koke da gyara. A sa ranar zaɓen ƙananan hukumomi, ko ba a shirya wa na sama ba, don magajin gari da kansila ba su riƙe da bindiga, ba abin da zaɓensu zai rage wa fagen daga. Kafin nan, jami'an da aka naɗa a gundumomi biyar na birnin nan su riƙa zama a fili ko sau ɗaya a wata, a gaban masu unguwanni da mata da 'yan garuwa, a faɗa musu su amsa, rediyo ta ɗauka. A kuma riƙa sanar da jama'a ranar da kowace unguwa za ta samu ruwa, ko tsofaffi sa daina kwana a gindin famfo.

Ruwa ya zo gidan Inna a dare na goma sha ɗaya, ya yi kamar awa biyu ya ɗauke. Ta cika randa da bido uku, ta aika wa maƙwabciyarta mai jego da ɗaya. Ta fita daga zauren unguwa, ta ce jikanta ya cire mata shi daga wayar gaba ɗaya.