Kwaɗon da ke kan saƙonninmu da abin da bai rufe ba

Kwanakin baya wani ɗan'uwa ya ce mini shi kam hankalinsa kwance yake game da duk abin da yake tattaunawa a WhatsApp, tunda manhajar da kanta ta rubuta masa cewa saƙonninsa a kulle suke daga wayarsa har zuwa ta wanda ya aika wa. Wani kuma a majalisarmu ya ce duk wannan yaudara ce, hukuma tana karanta komai. Ina ganin dukansu sun yi kuskure, amma kuskuren na farkon ya fi ba ni tsoro.

Kullewar gaskiya ce. Wayarka tana rikita rubutun ta hanyar lissafi kafin ya fita daga cikinta, ta yadda duk wanda ya tare shi a hanya, ko kamfanin layinka ne ko mai Wi-Fi ɗin otal ko jami'in leƙen asiri, ba abin da zai gani sai tarkacen haruffa, domin mabuɗin yana wayar wanda ka aika wa. WhatsApp ya kammala sa wa kowa wannan tsari a watan Afrilun 2016, da fasahar da ya karɓo daga masu manhajar Signal, shekara uku bayan Edward Snowden ya fallasa yadda hukumar leƙen asirin Amurka ta NSA take kwasar bayanan jama'a ba tare da sun sani ba. Hujjar da ta fi gamsar da ni cewa kwaɗon yana aiki ita ce yadda gwamnatoci suke kokawa da shi. A Fabrairun 2025 kamfanin Apple ya janye tsarinsa mafi ƙarfi na kulle ajiyar bayanai daga Birtaniya, bayan rahotannin cewa gwamnatin ƙasar ta nemi a buɗe mata ɓarauniyar hanya. Da tana iya karantawa da kanta, da ba ta nema ba.

Sai dai wasiƙar da aka liƙe a ambulan ma, ma'aikacin gidan waya yana ganin sunan mai aikawa da adireshin mai karɓa da ranar da aka buga hatimi. Haka abin yake a waya. Kamfanin layinka ya san turken sadarwar da wayarka ta kama, wato unguwar da ka kwana da garin da ka wuni, ya san lokacin da ka hau intanet da yawan datar da ka ƙona, kuma kiran waya da tes na yau da kullum ba su da wannan kullewa sam. Mai manhajar kuwa ya san lambarka da zaurukan da kake ciki da mutanen da kake hulɗa da su. Kada a raina wannan sawu. Ɗan jaridar da ya kira wani ma'aikaci sau biyar a daren da ya wallafa labarin almundahana ya riga ya tona asirin majiyarsa, ko da ba a ji kalma ɗaya daga hirarsu ba. Michael Hayden, wanda ya shugabanci NSA da CIA, ya faɗa a bainar jama'a a 2014 cewa suna kashe mutane bisa irin waɗannan bayanai. A Najeriya kuwa, tun da aka umarci a haɗa layukan waya da lambar NIN a Disambar 2020, kowane sawu yana ɗauke da suna da hoto da zanen yatsa, kuma dokar laifukan intanet ta 2015 ta wajabta wa kamfanonin sadarwa su ajiye irin waɗannan bayanai har shekara biyu.

Ita kanta wayar ma ƙofa ce. Manhajar Pegasus ta kamfanin NSO na Isra'ila ba ta wahalar da kanta wajen fasa kwaɗo, cikin waya take shiga ta karanta saƙon bayan an buɗe shi, kuma a 2019 WhatsApp ya kai kamfanin ƙara kan kutsen da ya shafi mutum kusan 1,400. Mu a nan ba ma sai an kashe mana miliyoyi ba. Wani zai kira ka da sunan taron zauren 'yan makarantarku, ka karanto masa lambobi shidan da suka shigo wayarka, ya ƙwace asusun. Wata za ta bar wa mai gyara wayarta tare da lambar buɗe ta. Wani amini zai ɗauki hoton hirarku ya yaɗa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma yawancin asirin da na ga ya tonu a cikin al'ummarmu ta nan ya bi.

Haka batun VPN, manhajar da ke bi da kai intanet ta wata hanya daban, wanda matasa suka yi rububin saukewa lokacin da aka dakatar da Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022. Yana ɓoye wa kamfanin layi shafukan da ka nufa a intanet, amma ka miƙa wannan sanin ga wani kamfani da ba ka san mai shi ba, musamman idan kyauta ya ba ka.

Na san za a ce masu garkuwa da mutane ma suna fakewa da kullewar, kuma ban ɗauki wannan damuwa da wasa ba. Amma hanyar da aka buɗe wa jami'i ba ta tambayar katin shaida, ɗan damfara ma zai bi ta, kuma da wannan fasahar ake kare kuɗinmu a manhajojin banki. Shi ya sa na fi son muhawararmu ta koma kan sawun da aka riga aka tara. Muna da dokar kare bayanan jama'a tun 2023, saboda haka haƙƙinmu ne mu nemi 'yan majalisarmu su faɗa mana wa yake da ikon buɗe bayanan shekara biyun nan, ko sai da sa hannun alƙali, kuma wane hukunci ke jiran ma'aikacin da ya sayar wa wani da labarin inda ka kwana.