Lambar da Ke Jikin Na'urar Caji Ba Alkawari Ba Ce

Shekara bakwai ke nan ina zaune a Jamus, kuma tun shekaru uku da suka wuce motar lantarki nake hawa. Duk lokacin da zancen ya taso tsakanina da 'yan'uwa a Kano, tambayarsu ba ta wuce guda: minti nawa take yi ta cika? Wanda ya saba da gidan mai yana da hujjar yin wannan tambaya, domin famfo ba ruwansa da irin motar da aka kawo masa, lita arba'in za ta shiga cikin 'yan mintoci ko tsohuwar Golf ce ko sabuwar Prado. Caji kuwa ba haka yake ba, kuma a ganina lambobin da ake rubutawa ɓaro-ɓaro a jikin na'urori sun fi ruɗa direba fiye da wayar masa da kai.

Na'urar da ake kafawa a bangon gida a nan yawanci kilowat 11 take bayarwa (kilowat shi ne ma'aunin ƙarfin wuta), sai mota ta kwana tana sha. A bakin manyan hanyoyi akwai masu kilowat 50, da masu 150, da masu 350 irin na kamfanin Ionity, wanda manyan masu ƙera motoci suka haɗu suka kafa a 2017. Sai mutum ya ɗauka mai 350 ta ninka mai 50 sauri sau bakwai. Ni ma haka na zata, har wani dare a watan Janairu, a kan hanyar A7 tsakanin Hamburg da Kassel, na tsaya a gaban na'ura mai 350, na jona igiya da hannu yana karkarwa don sanyi, na ga allon ya tsaya a kan kilowat 45 ya ƙi gaba. Na cire na koma ta kusa da ita, bai canza ba. Na'urar lafiyarta ƙalau. Batirin motata ne ya yi sanyi, shi kuwa batiri mai sanyi ba ya karɓar wuta da yawa, kwamfutar motar ce ke taƙaita masa don kada ya lalace.

Abin nufi, mota ce ke faɗin abin da za ta iya sha, na'ura bi take yi. Igiyar caji mai sauri a Turai galibi iyakarta amfiya 500 ce (ma'aunin yawan wutar da ke kwarara), shi kuwa ƙarfin caji amfiya ne sau bolt (ma'aunin matsin wuta), don haka motar da batirinta ke aiki da bolt 400 ba za ta wuce kusan kilowat 200 ba, ko da me aka rubuta a jikin na'urar. Masu bolt 800, irin su Hyundai Ioniq 5 da Porsche Taycan, su ne ke cin moriyar manyan na'urorin, har Ioniq 5 kan tashi daga kashi 10 zuwa kashi 80 cikin ɗari a kusan minti 18 idan batirin da ɗuminsa. Kuma ko su ma, da zarar an haura kashi 80 sai wutar ta ja baya sosai, kamar mai cika tulu da ke rage kwarara idan ruwa ya kusa baki. A wasu tashoshin ma motoci biyu ke raba ƙarfin na'ura guda, ba tare da an bayyana wa direba yadda ya kamata ba.

Mu da muka tashi da janareta bai kamata wannan ya zame mana baƙon abu ba, domin kowa ya san abin da aka rubuta a kwali daban yake da abin da inji ke ɗauka idan firji da famfon rijiya suka tashi lokaci guda. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne girman wutar kanta. Na'ura guda mai kilowat 350 tana jan wuta kwatankwacin taransifoma mai kVA 300 ko 500 (ma'aunin ƙarfin taransifoma, kusan daidai da kilowat) da ke riƙe da unguwa sukutum a Kano ko Zariya, kuma tasha mai irinta takwas na iya neman megawat 2.8, wato kilowat 2,800, alhali Najeriya baki ɗaya tana rarraba megawat 4,000 zuwa 5,000 ne a yawancin ranaku.

Shi ya sa ba na goyon bayan mu kwaikwayi gasar manyan lambobi da Turai da Sin ke yi. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, wanda ya fi buƙatar lantarki a wurinmu shi ne mai adaidaita sahu da ɗan tasi, waɗanda zirga-zirgarsu ta cikin gari ce kuma batirinsu ƙarami ne. Tashar caji mai amfani da hasken rana, irin wadda aka buɗe a Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato a 2021, ta fi dacewa da su. Na'urori goma masu kilowat 30 da ke aiki kullum a tashar mota sun fi guda ɗaya mai 350 da ke jiran a kawo wuta. Kuma tun kafin tashoshin su yawaita, ya kamata hukuma ta wajabta wa mai tasha ya nuna a allo kilowat nawa ke shiga mota a daidai lokacin, ya kuma karɓi kuɗi bisa wutar da aka sha, wanda wannan na biyun shi ne dokar Tarayyar Turai ta 2023 ta tanada ga na'urori masu kilowat 50 zuwa sama.