Wa ya ce manomi na tsoron lissafi?

Da damina ta ƙarato, wayoyin mutanen Damagaram kan cika da saƙonnin murya masu farawa da "masana sun gano". Ga wanda ke cewa a zuba "ɗan taki kaɗan" a ramin shuka, hatsi zai ninka. Kaɗan ɗin nawa ne? Shiru.

Bayanin kimiyya iri-iri ne, kowane da aikinsa. Akwai wanda mai bincike ke rubuta wa takwarorinsa da faransanci, irin na Jami'ar André Salifou ta Damagaram ko INRAN, cibiyar binciken noma ta ƙasar Nijar, don a tantance hujja. Akwai na ban mamaki, labarin duniyar Mars da mutum-mutumi, wanda ke daɗin hira a fada ana shan shayi. Ba laifi. Na uku shi ne wanda mutum zai ɗauka ya tafi gona da shi, kuma shi ake yi wa kisan mummuƙe, ana ba da shi da salon na biyu: zuzutawa da yawa, awo babu.

Dabarar takin nan gaskiya ce, cibiyar binciken noma ta ICRISAT da ke Sadoré, kusa da Yamai, ta daɗe tana gwada ta. Amma awonta a fili yake: giram 6 na takin zamani NPK 15-15-15 a kowane rami, wato cikin murfin kwalbar lemo, ko giram 2 na takin DAP. In tazarar ramuka mita ɗaya ce, hekta na ɗaukar rami 10,000, kilo 60 ke nan na NPK, ko 20 na DAP. A cuɗa shi da ƙasa, kada ya kwanta jikin iri. Takin zamani gishiri ne. In ya yi yawa, ruwa kuma ya ɗauke bayan shuka, sai ya zuƙe damshin tsiron ya ƙone shi. Manomin Mirya da ya kamfata da hannu saboda an ce "kaɗan", shi zai sake shuka.

Haka buhun PICS na ajiyar wake. Leda biyu ciki, buhu waje, a shanya waken ya bushe, a matse iska, a ɗaure kowace leda daban. Rashin iska ke kashe ƙwaron. Ɓera ya huda, aikin ya tashi.

Masu cewa lambobi na rikita mutanen karkara ba su taɓa cinikin tiya da wata tsohuwa a kasuwar Dolé ba. Wannan raini ne aka sa wa rigar tausayi.

Gidajen rediyo su daina sakin shirin noma sai malamin gona ya ji awon da kunnensa. Masu binciken kuma su rage girman kai, su faɗi sakamakonsu da hausa, da murfin kwalba a hannu.