Ƙasa ba ta mantuwa

Assalamu alaikum 'yan'uwa.

Kwanan baya na bi ta Kalambaina, inda ake haƙar farin dutsen nan na yin siminti. Wani ƙanena mai karatun ilimin duwatsu ya ɗauko guntu ya ce, "Yaya, duba nan." Ƙwaryar dodon-koɗin teku ce ta daskare cikin dutsen. Teku a Sakkwato, garin da zafin bazara ke korar mutum daga ɗaki! Ya ce ai a yankin Goronyo ma an tono ƙasusuwan wata ƙatuwar dabbar ruwa, har masana suka raɗa mata suna Goronyosaurus.

Na ce to ina danginta? Ya ce shekara miliyan 66 da suka wuce wani dutse mai faɗin kimanin kilomita 10 ya faɗo daga sama a Yukatan ta ƙasar Meziko. Ramin da ya yi ya kai kilomita 180, ya fi tafiyar Sakkwato zuwa Birnin Kebbi. Ƙura ta rufe rana, tsirrai suka mutu, kusan kashi uku cikin huɗu na nau'o'in halitta suka ƙare.

Abin da ya hana ni sukuni shi ne babu ɗan Adam ko ɗaya da ya gani. Ƙasa ta bi ramin ta binne, teku ya kwanta a kan rabinsa. Sai a 1978 masu neman man fetur suka ga alamar da'irar ramin a awonsu. A 1980 kuma Luis Alvarez da ɗansa Walter suka bayyana wani siririn layin yumɓu a duwatsun Gubbio a Italiya, kaurinsa bai wuce na yatsa ba, amma cike da iridiyam, ƙarfen da ya yi ƙaranci a doron ƙasa, ya yawaita cikin duwatsun sama. Aka yi ta samun layin nan a nahiyoyi daban-daban, alamar ƙurar faɗowar dutsen nan ce ta sauka ko'ina a duniya. Subhanallah, yumɓu ya ba da shaida.

Allah Yana cewa a Suratuz Zalzala: "Yauma'izin tuhaddisu akhbaraha", a ranar nan ƙasa za ta faɗi labaranta. Malaman tafsiri sun ce za ta shaidi kowane bawa da abin da ya aikata a bayanta.

Kai da ka matsar da iyakar gonar maraya da dare, ƙasar da ka tsaya a kai tana nan. Mai buga gindin mudu don ya rage awo, rumfarka ma a kan ƙasa take. Da kaina na fara, don ni ma akwai wuraren da ba zan so su buɗe baki ba. Ke kuma baiwar Allah da kike tashi kafin asuba, yara na barci, ba wanda ya san kin yi sujada, wannan ɗan wurin da goshinki ya taɓa shi ma yana da bakin magana.

Guntun dutsen yana nan na ajiye shi kusa da dardumata. Allah Ka suturta mu ranar da za a tambayi ƙasa.