Motar Alhaji Ta Ƙi Tashi

Kwanar Ɗangora, rana tsaka. Sabuwar motar Alhaji ta yi shiru, makulli sai ƙas-ƙas yake yi.

ALHAJI: Direba, tara min samari a tura. Lokacin da nake da Fijo 504 haka muke yi: giya lamba biyu, a saki kuloci, sai ka ji ta ɗauka.

DIREBA: Ranka ya daɗe, wannan otomatik ce. Ba ta da kulocin takawa.

ALHAJI: Duk miliyoyin da na zuba, kuloci ma ba su sa min ba?

BAFULATANI: (yana haki) Aradu tun ɗazu muke turawa. Ko in kawo bijimina a ɗaura mata?

MAKANIKE: Baffa, ko Legas kuka kai ta ba za ta tashi ba. Giyarta da man giya take kamawa, famfon man kuma sai inji na juyawa yake bugawa. Taya ba ta da yadda za ta juya inji. Batir ne ya mutu, da na wata mota za a jona shi.

ALHAJI: To ga tirela can, nata ya fi ƙarfi.

MAKANIKE: Tirela volt 24 ce, taka 12. Kana jonawa ƙwaƙwalwar motar ta soye.

DIREBA: Ni dai a tasha na ji ana jefa aspirin cikin batir.

BAFULATANI: Af, ashe ciwon kai take yi!

Aka tare wani mai tasi, makanike ya zaro wayoyi.

MAKANIKE: Ja a kan alamar tarawa ta mataccen batir, ɗaya bakin a ta mai ran. Baƙi a kan alamar ɗebewa ta mai ran, ɗaya bakin a jikin ƙarfen injin motar Alhaji, nesa da batir.

ALHAJI: Me ya sa nesa? Gaba suke yi?

MAKANIKE: Batir na fitar da iska mai kama wuta. Tartsatsi ɗaya, gemun nan sai labari.

Alhaji ya ja da baya, ya dafe gemu. Mota ta tashi, mai tasi ya kama hanya.

DIREBA: Bari in cire kan batir mu ga ko altaneta, na'urar cajin batir, na caji.

MAKANIKE: Kar ka soma! Wutar za ta yi tsalle ta ƙona kayan lantarki. Ku bar ta tana aiki, batir ya samu caji. Alhaji, dubu biyar ne.

ALHAJI: Biyar? Direba, kashe ta mu yi ciniki, kada mai ya ƙone a banza.

Ɗif.

MAKANIKE: Alhaji, yanzu dubu goma ne. Kuma kai za ka tare tasin.