Malaman maganar hannu na Zamfara, wa zai zauna cikin kwamiti?

Salamu alaikum 'yan uwana malamai, masu ji da kurame baki ɗaya. Rubutun ga na da ɗan tsawo, dan Allah ku daure ku karanta.

Abin da ke damuna da ƙungiyarmu ta malaman maganar hannu shi ne, in lokacin zaɓe ya zo kowa na da ɗan takara, gurup ya cika da fosta, wane ciyaman wance ma'aji, har da masu kiran waya da dare suna neman ƙuri'a, amma ranar da anka ce tau ga kwamitoci nan a ba da suna, sai kowa ya yi tsit. A ƙarshe mutanen nan dai da kowa ya sani su ne kwamitin horaswa, su ne na walwala, su ne na shirya taron shekara, su za su rubuta takarda su kai ofis su koma bibiya, in abu ya yi kyau a ce ƙungiya ta yi ƙoƙari, in ya lalace a ce ai dama 'yan tsiraru sun riƙe komai. Ba su riƙe komai ba wallahi, barin masu anka yi. An bar ma mutum ɗaya jinka ya ɗauka, sannan ana tsaye gefe ana faɗin ta karkace.

Na san dalilan mutane kuma ban raina su ba. Aikin kwamiti babu alawus, kai za ka sa data, kai za ka biya kuɗin mota, albashin malami kuma kowa ya san inda yake ƙarewa kafin wata ya raba. Wanda ke Gummi ko Shinkafi ko Anka in ka ce ya taho Gusau mitin, ba maganar kuɗin mota kaɗai kake ba, maganar hanya kake, iyalinshi ba za su samu natsuwa ba sai ya dawo gida. Wannan duk gaskiya ne. Amma mu duba abin da ke lalacewa cikin aji saboda rashin wanga zama.

Yaro ya taho daga ƙauye da maganar hannun da yake yi da innarshi da abokan kiwonshi, wadda kurame ke yi cikin kasuwa da tasha ko'ina ƙasar Hausa, har masu ji da yawa sun iya ta gwargwado. Ba kwatance ba ne kawai, harshe ne mai tsarinshi, masana harshe sun yi nazarinta a Kano sun rubuta. Sai ya shigo makaranta ya tarar da wata daban, wadda asalinta ta Amurka ce. Andrew Foster, wani kurma baƙar fatar Amurka da ya yi karatu a Gallaudet, jami'ar kurame ta Amurka, shi ya buɗe makarantar kurame a Gana a 1957, ya zo Ibadan a 1960, kuma ta hannun ɗalibanshi wannan yaren ya bazu makarantun ƙasar ga. Mu ma da munka yi karatun ilimi na musamman, ko a kwalejin Oyo ko Jos ko Bayero, ita anka koya muna. Haruffanta na yatsu 26 ne na Turanci, babu ɓ babu ɗ babu ƙ. Tau malamin Hausa ya zai yi? Kowa sai ya ƙirƙiri tashi dabara, malamin aji uku da tashi, malamar aji huɗu da tata, yaro ya ci jarabawa ya wuce aji sai ya koma baƙo.

Na Islamiyya ya fi tsaya mani a rai. Na tsaya bakin taga na kalli wani malami, mutumin kirki mai son yaran nan, yana koya masu farillan alwala. Wanke fuska da hannuwa ba matsala, ya yi sun gani sun yi. Da ya zo kan bambancin farilla da sunna sai ya ɗaga hannu ya fara jera haruffa ɗaya bayan ɗaya da yatsu, yara suna bin shi tsaf, sun hardace motsin yatsun kaf, amma rabinsu ba su iya karatu ba tukuna, ba su san mi kalmar ke nufi ba. Wata yarinya a layin gaba ta juya ta tambayi ta kusa da ita da hannu, mi ke nan? ita ma ta ɗaga kafaɗa. Ba laifin malamin ba ne, ba wanda ya taɓa zama da shi anka daidaita alamar farilla da sunna da niyya. Kuma dattawan kurame da ke cikin garin nan suna salla shekara da shekaru, suna da yadda suke faɗin abubuwan ga tsakaninsu, ba mu dai je mun tambaye su ba.

Wanga aikin ciyaman ba ya iya yin shi, taron shekara ma ba ya yin shi da jawabin manyan baƙi. Aikin mutum shida ko bakwai ne da za su zauna ranar Asabar, su ɗauko darasi guda, su gayyato dattawan kurame biyu a ba su abinci da kuɗin mota cikin mutunci, a yi gardama kan kowace kalma, in an daidaita a ɗauki bidiyo da waya a gaban bango mai haske, a tura ma kowane malami. Kalma ashirin a wata ma ta isa. Shi ke nan kwamiti, ba wani abu ba ne mai ban tsoro.

Yanzu ga inda zan taɓa mu masu ji, kuma ina roƙon kada kowa ya ji haushi. Kwamitin da babu kurma cikinshi bai kamata ya yanke hukunci kan maganar hannu ba. A 1880 an yi babban taron malaman kurame a birnin Milan na Italiya, kusan duk waɗanda sunka zauna masu ji ne, sunka yanke cewa a daina koyarwa da hannu a tilasta ma yara karanta leɓe da furta magana. Makarantu a Turai da Amurka sunka bi, kurame malamai da yawa sunka rasa aikinsu, yara sunka tashi ana hana su harshen da ya fi masu sauƙi. Sai a 2010 a Bankuba ta Kanada wannan taron ya fito fili ya yi watsi da hukuncin. Shekara 130. Mutanen nan ba mugaye ba ne a ganinsu, malamai ne irinmu masu ganin taimako suke.

Mu ma muna yin ƙaramin irin haka ba tare da mun lura ba. Gurup ɗin malaman maganar hannu ne fa, amma sai ka ga an turo bois na minti biyar ana bayanin ranar mitin, abokan aikinmu kurame suna ciki suna kallon alamar sauti ba su san mi anka ce ba. A wurin zama kuma a fara da hannu, in gardama ta yi zafi sai a saki hannu a koma baki, mutum uku na magana lokaci ɗaya, malamin da ba ya ji ya taɓa na kusa da shi a ce mashi bari a gama zan yi maka bayani. In an gama ai an riga an yanke. Daga baya kuma a ce kurame ba su son zuwa mitin. Ni ina ganin duk kwamiti a sa doka: a zauna da'ira kowa na ganin kowa, wuri mai haske, mutum ɗaya ke magana, in akwai tafinta su zama biyu suna karɓar juna saboda hannu da kai suna gajiya bayan kamar minti ashirin zuwa talatin, kuma saƙon gurup rubutu ne ko bidiyo. Kwamitin alamomi kuwa kurma ya shugabance shi, mai ji ya yi sakatare.

Akwai kuma dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman ta 2018, wadda Shugaba Buhari ya sa ma hannu a Janairun 2019, har anka kafa hukumarsu ta ƙasa a 2020. Cikin dokar akwai cewa maganar hannu ta shiga manhajar makarantu tun daga firamare har gaba da sakandare, asibitin gwamnati ya tanadi hanyar magana da mara lafiyan da ba ya ji, kuma a ware masu aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aikin gwamnati. Doka na nan a takarda. Wa zai ɗauke ta ya je ofis ya ce ranka ya daɗe ga sashe kaza, ga sunayen malamanmu masu takardar shaida, a ɗauke su? Wa zai koma sati mai zuwa in anka ce oga ba ya nan? Na taɓa raka wata tsohuwar ɗalibata awo, kafin in iso an riga an rubuta mata magani ba wanda ya tambaye ta komai, da ƙanin mijinta anka yi maganar cikinta tana zaune tana kallo. Da muna da kwamitin tafinta mai jerin sunaye da lambobi, da malama mace ce za a kira tun farko.

Shi ya sa nake kira ga malamai mata musamman. Malama, Hajiya, na san aikin gida ya yi maku yawa, amma akwai maganar da yarinya kurma ba za ta taɓa yi da malami namiji ba, ta al'ada, ta wanda ke tare ta a hanya, ta auren da za a yi mata ba a tambaye ta ba. In babu ku cikin kwamitin walwala ba za mu taɓa sani ba. A sa zaman da safe, a gama kafin azahar, mai goyo ta zo da goyonta.

Yaran kuma ba raguwa suke ba. Sanƙarau na 2017 jiharmu ya fi yi ma ɓarna duk ƙasar ga, kuma cikin yaran da sunka rayu akwai waɗanda ya tafi da jinsu, ga ƙyanda, ga ciwon kunnen da ake bari yana ruwa har ya kashe ji. Suna nan cikin ƙananan hukumomi 14, wasu iyayensu sun gudo cikin gari saboda tsaro, ba wanda ke da lissafinsu. Yaron da ba ya jin harbi ba ya jin ihu, in mutane sunka watse da gudu shi ne na ƙarshe da zai sani. Ya kamata kowace makaranta ta samu alama guda ta haɗari wadda kowane yaro ya sani, da wanda zai tada 'yan kwana da dare. Wannan ma zama yake so.

Maganar nisa kuwa, ba dole kowa ya zo Gusau ba. A yi kwamiti shiyya shiyya, na Ƙaura su zauna Ƙaura, na Mafara su zauna Mafara, a haɗu ta bidiyo, sakatare ya rubuta abin da anka yanke cikin layi goma ya tura. Mun ga yadda anka rufe layukan waya a Satumbar 2021, duk abin da ya dogara da mutum ɗaya a babban birni ya tsaya cik, don haka gara kowace shiyya ta iya tafiyar da kanta. Kuma a sa wa'adi, shekara ɗaya mutum ya yi ya huta, saboda abin da ke korar mutane shi ne tsoron in ka shiga ba fita. Kuɗin motar kwamiti kuma a fitar da shi daga kuɗin wata da muke biya, ma'aji ya riƙa kawo lissafi a fili.

Sabbin malamai da kunka gama NCE kwanan nan, kada ku ce ku yara ne. Ku kunka iya yanka bidiyo, ku kunka iya sa rubutu ƙarƙashinshi, manyanmu da yawa ba su iya ba, kuma zama da dattawan kurame zai gyara maku hannu fiye da abin da kunka karanta a kwaleji.

Ranar 23 ga Satumba ce ranar yarukan hannu ta duniya, Majalisar Ɗinkin Duniya ta fara bikinta a 2018. Bana ba riga da hula da tattaki kaɗai nake so mu yi ba, ina so mu fito da bidiyon kalmomin alwala da salla da lissafin firamare da munka daidaita tare da kurame, mu raba ma makarantu da iyaye kyauta. Ni na ba sakatare sunana a kwamitin alamomi. Mai so ya rubuta sunanshi da garinshi da kwamitin da zai iya a ƙasan rubutun ga, kuma dan Allah wanda ke kusa da malami kurma da karatu mai tsawo ke ba wahala, ya zauna ya fassara mashi da hannu yau.